Ranar da Baƙuwa Ta Cinye Rabona

Lokacin tukwane huɗu ne duk jarin Inna, a zauren gidanmu na Jibiya. Wata rana da azahar wata Hajiya ta zo daga Maraɗi sayen kayan ɗakin 'yarta. Ta ƙwanƙwasa tukunya, ta taɓe baki.

"Wagga ba ta ƙona abinci kuwa?"

Inna ta sauko da irinta daga murhu, shinkafa da wake na tururi. "Zamna ki ci, Hajiya, sannan ki duba gindinta."

Ina kallo ta cinye rabona tas, ta duba gindin tukunyar babu ƙanzo, ta saye tukwanen huɗu duka.

Yau shagonmu ƙofa uku ne, har da katifu da labule, kuma kullum akwai tukunya bisa wuta saboda baƙi. Sai dai ni nake fara zuba nawa.