Ofishin Kakan Odessa

Ranar da Buford Yancey, ɗan majalisar gunduma, ya ce a rushe tsohuwar kotun da ke dandalin garinmu a yi wurin ajiye motoci, Madam Odessa Tillery ta kasa cin abinci. Duk taƙamar danginta a jikin ginin nan take jingine.

Labarin kuwa mun haddace shi, don ko a wurin jana'iza sai ta ba da shi. Kakan kakanta, Elihu Tillery, shi ya aza tubalin farko, ya aza na ƙarshe, bai karɓi ko sisi ba. Ranar buɗe kotun, sunansa alƙali ya fara kira. Gunduma ta ba shi ofis a ƙarƙashin ginin, ya yi shekaru a ciki, ko coci ba ya leƙawa. Da zai bar wurin, gwamna da kansa ya sa hannu.

"Madam, kowa a garin nan kakansa ne ya gina kotun," in ji Buford a zauren majalisa. "Ina shaida?"

"Yaro, lokacin da naka kakan yake dafa giya a daji, nawa yana cikin kotu."

Aka tsayar da magana: in an ga ofishin, ginin ya zama kayan tarihi, babu mai taɓa shi. In ba a gani ba, katafila ta shigo.

An daɗe da toshe wurin da bulo. Odessa ta ɗauko magina, ta gayyato 'yan badujalar makaranta da mai ɗaukar hoton jarida, matan coci suka zo da kek. Ta sa hular da ta ajiye don auren jikarta.

Bango ya faɗi. Aka haska fitila, sai ga sunan a jikin dutse, an sassaƙa shi da zurfi, aikin mai lokaci: ELIHU TILLERY. Odessa ta fashe da kuka, badujala ta goce, Buford ya cire hula.

"Kin ci, Madam. Kotu ta tsira," ya ce. "Matso a ɗauke ki hoto a bakin ƙofa."

Hoton ya fito a shafin farko, tana murmushi, hannunta a kan sakata. Ofis ne mai tagar ƙarfe da sarƙa a bango, ƙofarsa kuma ta waje ake kulle ta.