Dutsen da Ya Hana Gayya

Mushen kyanwar ya kwana huɗu a ƙarƙashin gadar masallaci. Ya kumbura, ƙudaje sun lulluɓe shi, ledoji da ƙunzugun jarirai sun taru a bayansa. Narbuta ya tsaya a bakin magudanar da ke kai wa unguwa ruwa, ya toshe hanci da gyalen ɗamararsa. Ga shebur a hannunsa, amma bai isa ya tsoma shi ba.

Shekara talatin da ɗaya ke nan shi ne mirab, mai rabon ruwa a unguwar Kulolon. Ubansa duwatsun kabari yake sassaƙawa, ya so ɗansa ya gaje shi, amma shi ruwa ya zaɓa. Kowace shekara idan sanyi ya ɗaga, kafin a buɗe madatsa, shi ke kiran gayya. Maza su shiga taɓo har gwiwa su kwashe, mata su dafa shinkafa da karas, a yanka rago a bakin ruwa. Haka aka saba tun kakanni.

Shekara uku da suka wuce aka ce za a binne magudanar a cikin bututu, a shimfiɗa titi a kai. Ana cikin wannan fargaba sai masu gayya suka tono wani farin dutse a jikin bangonta, da rubutun Farisanci mai cewa wani sarki ne ya haƙa ta shekara ɗari huɗu baya. Aka yi ta guɗa. Hukumar kayan tarihi ta kafa shuɗin allo, titi ya karkata ya bi ta bayan kasuwa. Sai da murna ta lafa aka karanta ƙananan haruffan allon: ba haƙa, ba yasa, ba taɓawa, sai da izini. Wanda ya karya doka, gidan yari.

Tun daga nan gayya ta mutu. Bara da aka saki ruwa, ya tarar da hanya a toshe, ya kwashi ƙazantar ya juye a gidajen gangare. Bana ranar Asabar za a buɗe madatsa.

"Yaya Narbuta, gaisuwa ka zo yi mata?" Oytura ce, gwauruwar da gidanta ke can ƙarshen gangare, tana nuna mushen da haɓa. "Ko ita ma kayan tarihi ce?"

"Bari, ƙanwata."

"In bari? Inabina ya ƙone ƙurmus. Jikokina uku sati biyu suna zawo bara, ƙaramar da ƙyar ta sha. Da ma titin aka yi mana, ko ƙura muka shaƙa mun huta da wari."

Narbuta ya saɓa shebur ɗinsa a kafaɗa. Ya bi ta ɗaya gefen hanyar, don ya daina wucewa ta gaban dutsen tun tuni.

A ofis, Sanjar, matashin jami'in hukumar, ya zuba masa shayi, ya buɗe fayil ɗin da ya fi gurasa kauri. Takardu goma sha huɗu ne a ciki, duk da rubutun Narbuta mai kyau kamar an buga. Babu wadda ta nemi izinin yasa. Abu ɗaya suke roƙo: a turo masani ya duba dutsen.

"Baba, ka ci sa'a. Farfesa zai iso daga babban birni ranar Alhamis. In ya sa hannu, ƙila a ba ku izinin kwashe na sama da cokali."

"Ya san aikinsa kuwa, ɗana?"

"Shi? Shekara arba'in yana karanta duwatsu."

"Allah Ya sa," in ji Narbuta, ya bar shayin bai kurɓa ba.

Ranar Alhamis unguwa ta fito ƙwanta da kwarkwatarta, kowa da shebur a bayan ƙofa yana jira. Farfesan ya sauko daga mota da hankici a hanci, ya tsallake wani tulin shara, ya durƙusa gaban dutsen. Ya fito da gilashin ƙara girma. Ya shafa haruffan da yatsa, ya ƙwanƙwasa, ya sunsuna. Narbuta na tsaye a bayansa. Ya riga ya sa sabuwar rigarsa, ya kuma gaya wa matarsa inda takardun gida suke.

Minti ashirin, sannan farfesan ya miƙe yana kakkaɓe wando.

"Jama'a, ba ku san abin da kuke da shi ba. Wannan na gaske ne, babu tantama. Zan ba da shawara a faɗaɗa dokar, taku hamsin kowane gefe. Kada wanda ya ƙara taɓa ko tsakuwa."

Oytura ta tofar da yawu, ta juya gida don ta fara ɗora katifu a kan rufi kafin Asabar.

Farfesan ya dafa kafaɗar Narbuta. "Dattijo, kai ne ka dage sai na zo, ko? Dubi wannan lanƙwasa. Hannun da ya iya irin wannan ya zama ƙasa shekaru ɗaruruwa."

Narbuta ya buɗe baki. Ya dubi maza sittin da ke kewaye, ya dubi bayan Oytura da ke gangarawa, sai ya rufe bakin. Takarda goma sha huɗu ya rubuta don a zo a kama shi, tunda shi ba shi da zuciyar faɗa da bakinsa cewa shi ne ya sassaƙa dutsen da kurfin ubansa a bayan gidansa, ya jiƙa shi wata biyu cikin kindirmo da kashin tumaki har ya tsufa, sannan ya binne shi a bangon magudanar don ya hana titin.