Asalin Kaka a Tukunyar Miya

Da sakamakon gwajin DNA ya iso Gwandu, Kaka ya tara mu don mu ji da kunnenmu cewa shi Bafulatani ne gaba da baya. Kullum yana alfaharin bai taɓa cin kifi ba, wai abincin masunta ne.

Yayana ya karanta: danginmu mafi kusa masunta ne a Kalgo, har sun aiko da gaisuwa.

"Ƙarya na'urar take yi!" in ji Kaka. "Jinina ko ƙarnin kifi ba ya so."

Matarsa ba ta bar tankaɗe ba. "Malam, shekara arba'in ina daka maka busasshen kifi a miya. Ranar da ban sa ba ce kaɗai kake faɗa."