Jajayen Ɗigo a Jakar Ɗiya

Inna tana kakkaɓe jakar ɗiyarta, wadda ta dawo Jiratawa daga jami'a a rame, sai hoto ya faɗo: baƙi ƙirin, da jajayen ɗigo a tsakiya. Irinsa likita ya ɗaga a Maraɗi kafin rasuwar mijinta.

Kwana uku ko fura ba ta wuce wa Inna. Ɗiyar fari ce, ba a tambayarta ido da ido. Rana ta huɗu ta aje kunya, ta miƙa mata hoton.

"Ke, a ina yake cin ki?"

"Inna, gajimaren ƙura ne can sama. Ido bai ratsa shi, sai na'ura mai ganin zafi. Jajayen nan taurari ne, yanzu ake haihuwarsu."

Inna ta zauna daɓas. Can ta ce, "To, Allah shi raya."