Sawun Haƙora a Ranar Karramawa

Lambar yabo ta gilashi da aka ce ta miƙa wa malamin, da ita ta fasa masa goshi.

Zauren jami'a ya kaure da salati. Yanzun nan ake tafa masa, ana kiransa uban ɗalibai mata. Ita kuwa ma'aikaciyar ofis ce kawai, mai riƙe faranti.

Masu gadi suka danne ta, suka murɗe mata hannu.

"Baiwar Allah, kin haukace ne?" in ji shugaban jami'a. "Shekara talatin yana mana hidima!"

"Ranka ya daɗe, a naɗe masa hannun riga. Na gani da ya miƙo hannu."

Kwana huɗu ke nan da 'yarta, ɗalibar aji ɗaya, ta dawo gida da yagaggiyar riga da kumburarren leɓe. Ta ƙi faɗin suna. "Mama, na dai cije shi."

Malamin ya ja da baya, jini na ɗiga a rigarsa. Wani mai gadi ya cafke shi, ya naɗe hannun.

Ga sawun haƙora a jere, da giɓi a tsakiya.

Uwar ta yashe baki, ta nuna musu wushiryarta.

"Tawa ta gado."