Rediyon da Zai Bar Wuri

Jikana makaniki ya ja ni shago in taya shi zaɓen rediyo mai sifika, sai ka ce ni zan taka rawar. Ashe mai sayarwar yake nema. Wata uku tana ja masa rai kan maganar aure, wai ɗakinsa ko akuya ta shiga sai ta fito da baya.

Ya dafa wata ƙatuwa, ya kafe yarinyar da ido. "Yau ko ki ba ni amsa, ko wannan ta cinye sauran wurin."

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Can ta ture hannunsa, ta miƙo masa 'yar ƙarama.

"Wannan za ka ɗauka. Akwatunana fa, a kaina zan ɗora su?"

Na ce, "Shi ke nan, ja'iri, ni an sake ni!"