Hoto na Biyu

Karo na uku ke nan Farfesa ya dawo wa Dakta Ƙyasbi da takardunsa na neman ƙarin girma, kuma karo na uku ke nan jan biro ya kewaye maƙala ɗaya tak.

Ɗalibai ne suka laƙaba masa Ƙyasbi, don ya daɗe a sashen cututtukan fata har ya zama kamar ciwon: ba ya kisa, ba ya tafiya. Maƙalunsa sun haura ashirin, amma in ka cire guda ɗaya, babu mai ambatonsu a duniya sai shi kansa, sai wani ɗalibinsa mai tsoron faɗuwa jarrabawa.

Ita ɗayar kuwa ta yi farin jini. Wata likita ce a wani asibiti mai nisa ta aiko masa da hotuna da bayanin wani majinyacinta, da yardar mai ciwon, bisa sharaɗin a ɓoye sunansa da fuskarsa. Ita ta duba, Dakta ya rubuta, suka sa sunayensu tare. Hoto na Biyu shi ne abin kallo: gadon bayan wani dattijo, da tabo mai siffar zankon zakara a ƙasan kafaɗar hagu, da baƙaƙen ɗigo uku a jere a gefensa. Masu bincike sama da ɗari huɗu sun kafa hujja da maƙalar. Littattafan koyarwa sun ari hoton. Dakta ya sa aka faɗaɗa shi, ya rataye a ofis, ya sa ƙaraminsa a fuskar wayarsa.

“Baban yara,” in ji matarsa, “ranar da aka ce ka zana fuskar autarmu za ka yi kuskure, amma bayan wannan ƙaton ko a duhu ka gane shi.”

Farfesa kaɗai ne bai ga abin yabo ba. Shi ne shugaban sashe, kuma in babu sa hannunsa, babu ƙarin girma. Tun da aka rataye hoton bai sake taka ofishin Dakta ba. In aka haska shi a taron ƙara wa juna sani, sai ya tuna yana da waya mai muhimmanci. Mutum ne mai tsare girmansa: ko ƙurji ya fito masa, gara ya yi tafiyar yini da ya bari yaransa na sashe su duba shi.

Karon farko ya ce majinyaci ɗaya ba bincike ba ne. Dakta ya kawo masa jerin waɗanda suka ambaci maƙalar. Karo na biyu ya ce “mai ƙiba” da aka kira majinyacin a maƙalar ba kalmar kimiyya ba ce.

“An auna shi, ranka ya daɗe.”

“Ma'aunin asibitin can ba abin yarda ba ne.”

Dakta ya haɗiye fushinsa. Ya kira abokiyar aikin nasa ko za ta sa baki. Ta yi dariya har da tari, ta ce ya yi haƙuri, ita dai bakinta ɗaure yake da amanar majinyaci. Bai ga abin da ya haɗa amana da ƙarin girma ba. Ya kashe wayar yana tsaki.

Ga shi gobe kwamiti zai zauna. In aka wuce shi sai baɗi, kuma ɗalibin nan nasa mai tsoron jarrabawa yana cikin jerin bana. Dakta ya hango kansa yana ce wa yaron “ranka ya daɗe”, sai ya kwashi takardunsa ya faɗa ofishin Farfesa, sallamar ma a bakin ƙofa ya bar rabinta.

“A nuna mini layi ɗaya da ba gaskiya ba, in janye ta da hannuna.”

Farfesa ya ɗora yatsa a shafi na uku. Dakta ya karanta da ƙarfi, don jimlar da ya fi alfahari da ita ce: “Majinyacin, saboda ƙarancin saninsa game da fata, ya shekara biyu yana shafa wa kansa maganin makero, abin da ko ɗalibin ajin farko ba zai yi ba.”

“Ka taɓa ganin mutumin?”

“Ba sai na gan shi ba, ranka ya daɗe. Aikinsa ya nuna ko shi wane ne. Jahili dai jahili ne.”

Farfesa ya miƙe zai yi magana, maganar ta maƙale. Asmarsa ce ta tashi. Ya dafa tebur, ƙirjinsa na kukan usur. Dakta, duk da haushi, likita ne. Ya laluba aljihun tebur ya miƙa masa abin shaƙarsa, ya zaunar da shi, ya ciro abin sauraren ƙirji daga wuyansa. Farfesa ya riƙe gefen rigarsa gam, yana girgiza kai.

“Sai na ji huhun ta baya, ranka ya daɗe. Saki.”

Ƙarfin dattijo ya ƙare. Dakta ya yaye rigar har kafaɗa, ya kai hannu zai ɗora abin sauraren, sai hannun ya tsaya a iska: a ƙasan kafaɗar hagu ga zankon zakara, ga baƙaƙen ɗigo uku a jere.